Turmin da Bai Je Sikotlan Ba

Tun ina yaro nake jin kalmar tafi-da-gidanka. An laƙaba wa waya, an laƙaba wa kotun da ake kafawa a bakin titi ranar tsaftar muhalli, amma ban ga ainihin mai sunan ba sai da zama ya kawo ni Mancesta. Da zarar sanyi ya ja baya, duk yammacin Juma'a sai ka gan su jere a babbar hanya sun nufi arewa: fararen motoci masu ƙusumbi a saman direba, kekuna ɗaure a baya, tsoho na tuƙi, tsohuwa na gefe riƙe da kofin shayi. A cikin kowace akwai gado da murhu da firji da banɗaki. Shekara biyu ina kallonsu ina haɗiyar yawu kafin na buɗe baki na faɗa wa uwargida.

Ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi in fara gaya wa Hajiya. Na kira Kano na zayyana komai, Hajiya ta saurare ni har na dire, sannan ta ce, "To, kai da Allah ya rufa wa asiri da gida mai ɗaki uku, shi ne za ka kwashi jikokina ku je ku kwana a mota kamar direbobin tirela a Tafa? Ashe a can wahala ma saye ake yi?" Na ce a dai sa mana albarka. Ta sa, amma da dariya a muryarta.

Abin da ya kamata in fara yi, wanda nake gaya wa duk mai tambayata yanzu, shi ne in ɗauki hayar irin motar na kwana uku, in da hali ma a makon da ake ruwa, in ga ko mu huɗu za mu iya zama a wuri mai tsawon mita bakwai ba mu cinye juna ba. Ban yi ba. Zumuɗi ya ɗebe ni na shiga intanet neman ta hannu. Allah ya taimake ni da maƙwabcina, wani dattijon Bature, tsohon direban bas, wanda ya shekara ashirin yana yawo da irinta kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Shi ya raka ni ganin ta farko.

Motar tsaf, labule sabo, kuɗinta kuma ƙasa da na sa'o'inta. Muna shiga ƙamshin turaren fesawa ya tare mu. Ni har na yaba, na ce mutumin nan mai tsafta ne. Dattijo bai tanka ba. Ya zaro wata 'yar na'urar auna danshi mai tsinke biyu a baki, ya shiga dangwala ta a kusurwoyin rufi, da ƙarƙashin tagogi, da cikin durowoyin sama. Yawancin wurare ta nuna 12 ko 14. A gefen gadon da ke saman direba ta haura 30. Ya danna wurin da yatsa, bango ya lotsa kamar burodi. Da muka fito ya ce da ni inji ana gyara shi, amma tsofaffin motocin nan katako ne a tsakanin fallen waje da na ciki, in ruwa ya sami hanya ta liƙin taga ko na rufi, sai ya shekara yana cin katakon ba wanda ya gani. In lamba ta wuce 20 ka yi tambaya, in ta kai 30 ka yi sallama. A raina na ce, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ya fesa turare.

Ta huɗu da muka gani ita na saya, ƙirar 2008, an ɗora ɗakinta a kan Fiat Ducato, wadda mafi yawan irin waɗannan motoci a Turai a kanta ake gina su, don haka kayan gyaranta ba sa wuya. Dattijo ya sa na nemi takardun duba ɗakin na shekara-shekara, inda ake gwada gas da wuta da ruwa da danshi, daban da gwajin lafiyar mota na MOT. Ya nuna mini lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Zanen tayoyin bai ko fara cinyewa ba, amma shekararsu tara. Motar da ta fi zama a kan tafiya, tayarta ba gogewa take yi ba, tsagewa take yi. Sai kuma ya ce in ƙirga bel ɗin kujera, kada in ƙirga gado. Tamu tana kwanar da mutum shida, amma bel huɗu gare ta, ke nan huɗu kawai za ta ɗauka a hanya. Sauran gadajen na baƙin da suka zo da ƙafarsu ne.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace, wadda da na san ta tun farko da na rage wa kaina rigima a gida. Lasisin mota na gama-gari a Birtaniya iyakarsa kilo 3,500, wato mota da duk abin da ke cikinta. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997, irin maƙwabcina, yana da izini har kilo 7,500. Mu 'yan baya sai mun sake wata jarrabawar an ba mu rukunin C1. Shi ya sa masu ƙera motocin ke tsayar da yawancinsu a 3,500 cif. Inda gizo ke saƙar shi ne, motar kanta da direba da man da ke tanki sun riga sun cinye sama da 3,000. Abin da ya rage maka ɗari huɗu ne da 'yan kai. A ciki za ka cire matarka da 'ya'yanka, da ruwa wanda kowace lita kilo guda ce, da tukwanen gas, da rumfar da tsohon mai motar ya ƙara a gefe, tun ba a zo kan cokali ba.

Mu kuwa mun fito daga inda in aka ce mota ta cika, yaron mota zai ce a matsa, akwai wurin mutum ɗaya. Uwargida ta yi guzuri irin na gida: buhun shinkafa mai kilo goma, garin tuwo, jarkar man gyaɗa, manja, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, dambun naman da ta kwana biyu tana yi, barguna kamar za mu buɗe shago, da ɗan turminta na katako da taɓaryarsa, domin a cewarta attaruhun da aka markaɗa a inji ba ya kama miya kamar na daka. Ni ma ba ni da bakin magana. Na loda akwatin sifanu, kekuna huɗu, murhun gashi da buhun gawayi, na cika tankin ruwa lita ɗari maƙil.

Dattijo ya leƙo ta saman shinge, ya ga yadda bayan motar ya zauna, ya tura ni wani wurin sayar da yashi da tsakuwa inda ake da sikelin manyan motoci. Muka hau mu huɗu muna ciki. Takarda ta fito: 3,640. Mun wuce iyaka da kilo 140. Tara ce ƙaramar matsalar. Birki da taya ba a yi su don wannan nauyin ba, kuma in aka yi hatsari kamfanin inshora na iya zame jikinsa. Mai sikelin ya sa na sake hawa da tayoyin baya kaɗai, domin gaba da baya kowanne da iyakarsa, an buga su a wani ɗan falle a ƙarƙashin bonet.

Muka dawo muka zazzage kaya a ƙofar gida. Ruwa na zubar har ya rage lita ashirin, kilo tamanin suka tafi nan take, kuma tun daga ranar a masauki nake cika tanki, ba a gida ba. Kekunan manya suka sauka, gawayi da murhu suka sauka, rabin shinkafa ta sauka. Aka zo kan turmi. Na ɗora shi a sikelin banɗaki, shi da taɓarya kilo shida.

"Abbansu, kilo shida ne zai karya mota?"

Na ce ba shi kaɗai ba ne.

"To akwatin sifanunka kilo nawa ne, kai da ko fis ba ka taɓa canzawa ba?"

Sha huɗu ne. Aka yi sulhu: rabin sifanu suka zauna, turmi ya zauna, ta daka attaruhu da albasa ta ɗura a kwalabe uku. Ta yarda, amma ba ta yafe ba.

Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, sai muka yi kwanan gwaji a wani masaukin irin waɗannan motoci, tafiyar awa ɗaya daga gida. Ni zango nake ce musu, domin aikinsu ɗaya da zangon fatake: ka sauka, ka sha ruwa, ka biya, ka tashi. Kowace mota da filinta da sandar wutar da za ta jona. Sandar yawanci amp 16 take bayarwa, wajen wat 3,600, wasu zangon ma 10 ne. Uwargida ta jona tukunyar shinkafa, hita na aiki, ni kuma na kunna butar shayin gida mai cin kusan wat 3,000 ita kaɗai. Sai ɗif, komai ya yi shiru. Fitilu ba su mutu ba, domin su da famfo a kan batirin ɗaki suke, mai bolt 12, daban da na inji, amma duk wani soket ya mutu. Auta ya ɗago kai ya ce, "Abba, an ɗauke wuta ne kamar a gidan Hajiya?" Na fita cikin yayyafi na ɗaga makunnin sandar. Washegari na sayi ƙaramar buta.

A daren kuma muka kwana kai a gangare, domin filin ya ɗan karkace, ni kuwa na yi ƙiwar sa wejin da ake hawa da taya don mota ta daidaita. Da safe ruwa ya ƙi wucewa a wurin wanke-wanke, ƙwai ya gudu gefe ɗaya a kasko, firji ya yi ɗumi. Irin firjin nan mai aiki da gas ko wutar zango ko batir ba ya sanyi sosai sai mota ta tsaya daidai. Yanzu kofi nake cikawa da ruwa in ɗora a tebur, in yi ta hawa wejin roba har ruwan ya daidaita.

A ƙarshen Yulin 2024 muka kama hanyar M6. Tsayin motar, mita uku da ɗan ɗoriya, na rubuta shi a takarda na manna a gilashi, saboda gadoji da ƙarafan da ake gittawa a ƙofar wuraren ajiye motoci, waɗanda yawancinsu ba su wuce mita biyu ba. Kafin a tashi akwai abubuwan da ake bi ɗaya bayan ɗaya: a kashe gas daga tukunya, a cire kebul, a rufe tagar rufi, a mayar da matakala, a kulle durowoyi da firji. Firjin muka manta. A shataletalen farko ƙofarsa ta wangale, kwalbar attaruhu ɗaya ta tarwatse a ƙasa, muka yi mil goma muna atishawa. Daga baya na ji an ce, a hankali amma don in ji, "Da turmina na nan da ban damu ba."

Muna tsallaka iyaka a Gretna na ratse zuwa Annan, ɗan ƙaramin gari mai jajayen gine-ginen dutse. A nan aka haifi Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma karo na biyu ya rasu a can a 1827. Na ce wa yara mun zo rama ziyara, bayan shekara ɗari biyu cif. Babbar 'yata ta ce shi dai bai zo da banɗakinsa ba.

A Gilasgo muka yi sallah a babban masallacin da ke kudu da kogin Clyde, muka sayi naman halal na ƙarshe, amma ban kuskura na haye gada zuwa tsakiyar gari ba. Tun Yunin 2023 tsohuwar mota mai shan dizal irin tamu in ta shiga can, kyamara ce za ta ɗauki lambarta, tarar fam 60 ta biyo ka gida, in ka sake ta ninka. Mai niyyar sayen tsohuwa ya san da wannan, domin garuruwan da ke da irin dokar ƙaruwa suke yi. Daga nan hanyar A82 ta bi da mu gefen tafkin Lomond, inda ta matse har na riƙa jin madubina zai gaisa da na manyan bas, ta ratsa Glencoe, ta wuce gindin Ben Nevis mai mita 1,345 wanda gajimare bai bar mu mun ga kansa ba, ta sauke mu a Inverness. Daga can hanyar da ake kira North Coast 500 ke tashi ta zagaye arewacin ƙasar ta dawo, mil 516, an ƙaddamar da ita a 2015.

Sai maganar da masu tallar motocin nan ba sa sa hotonta. Ruwa iri uku kake ɗauke da shi: mai tsafta, da na wanka da wanke-wanke da ke taruwa a wani tanki a ƙasa, da na masai. Shi na masai wani akwatin roba ne da bai kai lita ashirin ba, ana zaro shi ta wata 'yar ƙofa a waje. Dattijo ya ce mini yana kwana uku ko huɗu bai cika ba. Bai sa buta a lissafi ba. Mu masu tsarki da ruwa, mu huɗu, kwana ɗaya da rabi jar fitilarsa ke kamawa, kuma ba ta taɓa kamawa da rana ba, sai cikin dare ana ruwa. Uwargida ta yanke hukunci tun ranar farko: wanda ya ce a sayi mota shi ke da kwasa. Haka nake jan akwatin nan da sassafe zuwa ramin da aka tanada, in tarar da layin dattawa kowa da nasa, muna gaisawa da ka, ba mai kallon na wani. Zangon da ba su haɗe da magudanar gari ba sukan ce koren magani kaɗai za a zuba a akwatin, ban da shuɗi, domin shuɗin na kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a ramin nasu.

Wannan akwatin shi ke tsara tafiya, ba taswira ba. Kuma shi ne tushen haushin da wasu mutanen yankin ke ji da masu motoci irin tamu, domin akwai marasa kunyar da ke juye shi a bakin hanya ko a rafi. Mutane da yawa na zuwa da tunanin a Sikotlan ko'ina ka ga dama sai ka kwana. Dokar 2003 da ta ba da wannan 'yanci ta mai tafiya a ƙafa da tantinsa ce, ba ta haɗa da mota ba. Mu kowane dare a zango muka kwana, na kuma kama wurare tun watanni kafin tafiyar, domin a Yuli ba a samun gurbi. Waɗanda suka fi mini daɗi su ne ƙananan filayen manoma da ba a yarda su sauki fiye da mota biyar ba: famfo ɗaya, ramin zubar da akwati, tumaki, shiru. Alwala kuwa a waje muke yi da buta, don lita ɗari in ka saki famfo kamar a gida ba ta kai ka la'asar ɗin gobe.

John o' Groats, ƙauyen da ake ɗauka ƙarshen ƙasar, allo ne kawai da masu ɗaukar hoto. Dunnet Head, wanda shi ne ainihin ƙarshen ƙasar ta arewa in ban da tsibirai, ya fi shi komai, daga kan dutsen kana hango tsibiran Orkney. Yamma da Thurso gari ya fara ƙarewa. Sai tuddai da kwaruruka kore shar, ba gida ba hayaƙi, na yi ta cewa Allah mai iko, ƙasa haka ba kowa. A gidan tarihi na Bettyhill na gane kufai nake yabo. Kwarin Strathnaver cike yake da ƙauyuka har zuwa 1814 da 1819, lokacin da masu mallakar ƙasar Sutherland suka tashi mutanen, aka ƙone gidaje, aka zuba tumaki domin sun fi talaka kawo riba. Kwana biyu kafin nan mun wuce fadarsu ta Dunrobin a Golspie, mai ɗaki 189, da gunkin mai gidan tsaye a kan dutse yana kallon garin. Bayan Bettyhill na daina cewa ba kowa.

A wannan yankin ne kuma hanya ke komawa layi ɗaya, faɗin mota guda, da 'yan wuraren ratsewa jefi-jefi masu farin allo. Ƙa'idar ba wuya. In wurin ratsewa na hagunka, ka shiga. In yana damanka, ka tsaya daidai da shi a hannunka, mai zuwa ya shiga, kada ka tsallaka. Mai gangarowa ya ba mai hawa hanya. Ba a ajiye mota a wurin don ɗaukar hoto. Wadda baƙi suka fi karyawa kuwa ita ce ta bayanka: in ka ga mota ta biyo ka, ka ratse ta wuce. A gefen Loch Eriboll na shagala da kallon ruwa ina tafiyar hawainiya, ban duba madubi ba sai da na tara motoci shida. Ta farkon wata mata ce da rigar ma'aikatan jinya. Da na ratse ta wuce, ba ta yi hon ba, ba ta harare ni ba, ta dai ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari kamar yadda kowa ke gaisuwa a can. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni yawon buɗe ido nake, ita wani mara lafiya ke jiranta.

Ribas kuma dole ne, wani lokacin mita hamsin. Uwargida ta zama yaron mota. Mun yi yarjejeniya: ta tsaya inda zan gan ta a madubi, in na daina ganinta in taka birki. "Taho, taho, karya hagu, tsaya!" Ranar da na ce ta zauna abinta zan iya, ranar na fasa fitilar baya. Jikin motar ya zarce tayoyin baya da kusan mita biyu, in ka karya kan dama, gindin sai ya yi fiffike ya bugi abin da ke hagu. Turken ƙofar wata gona ne ya koya mini. Manomin ya duba turkensa, ya duba fitilata, ya ce turken ya saba.

A Durness muka kwana biyu a kan wani tudu, farin yashi da teku a ƙasanmu. Rana ba ta faɗi ba sai wajen goma saura, kuma ko da ta faɗi, jan shafaƙi bai ɓace ba. Ya dai zagaya ta arewa a hankali har ya zama alfijir. Sha biyun dare na fito ina ganin tumaki a tsallaken kwari. Na riga na tambayi limaminmu kafin mu taso, don haka a matsayinmu na matafiya muka yi ƙasaru, muka haɗa magariba da lisha, asuba kuma muka bi jadawalin masallacin Inverness. Alƙibla a can kudu maso gabas take, kuma kada ka neme ta da waya a cikin mota, ƙarfen jikinta na ruɗa allurar. Fita za ka yi ka ɗan yi nisa.

Fitar ce matsala. Daren farko akwai iska, muka yi sallah a kan ciyawa lafiya lau. Dare na biyu iska ta ɗauke cak. Ina tsakiyar alwala na ji fuskata da wuyana sun kama wuta. Wasu 'yan ƙwari ne ƙanana kamar ƙyashi, dubbai, gidan sauro na gama-gari ma ratsa shi suke yi. Na shige mota da gudu da sauran ƙafa ɗaya ban wanke ba. Wata tsohuwa a motar kusa da mu, fuskarta lulluɓe da raga, ta ce mana sunansu da lafazin 'yan ƙasar: miji. Uwargida ta ce a sake faɗa. Aka sake. Ta yi dariya har da hawaye. "Ashe har a nan miji cizo yake! Dama an ce namiji ba ɗan goyo ba ne." Na ce mata masana sun tabbatar matan ne kaɗai ke cizo. Ta ce masanan maza ne. Maganinsu dai iska: ba sa iya tashi in tana kaɗawa, don haka ka nemi fili a sarari, nesa da bishiyoyi da ruwa kwance, ka rufe tagogi kafin magariba.

Muka gangara ta gadar Kylesku da Ullapool da Gairloch har gaɓar yamma, inda hanyar Applecross ta rabu biyu. Ɗaya ta haye dutse, sunanta Bealach na Bà, da harshen mutanen wurin ma'anarsa mashigin shanu, wato burtali ne na masu kora garke zuwa kasuwa kafin a zuba masa kwalta. Daga bakin teku take tashi ta kai mita 626, da kwanoni kamar an naɗe igiya. A gindinta an kafa allo mai gargaɗin sababbin direbobi da manyan motoci. Na tsaya na karanta shi sau biyu. Na san akwai masu hawa da irin motata, na kuma ga hotunan waɗanda suka maƙale a kwana suka rufe wa gari guda hanya. Na tuna matar nan mai rigar jinya. Auta ya ce, "Abba ya ji tsoro." Na ce ƙwarai. Muka juya muka bi ta Shieldaig, doguwar hanyar bakin teku da aka gama a shekarun 1970. A wata kwana muka tarar da shanun ƙasar kwance a kan kwalta, jajaye, gashi ya rufe musu ido, ƙahoni kamar na shanun Bororo. Ba makiyayi, ba sanda. Na kashe inji muka jira su kusan minti ashirin, tsibirin Raasay da duwatsun Skye na gabanmu, uwargida ta miƙo dambun nama.

Kwana goma sha biyu muka yi. Da muka dawo na zauna da biro. Kuɗin zango da na dizal ba su ba ni mamaki ba. Abin da ke cin mutum shi ne watannin da motar ke tsaye: inshora, harajin hanya, MOT, duba ɗaki, da hayar filin ajiya, don layinmu ba ya ɗaukarta. Kafin sanyi kuma sai ka tsiyaye duk ruwan da ke cikinta ka bar famfuna a buɗe, in ba haka ba ƙanƙara ta fasa bututu da tukunyar ruwan zafi. A lissafina, wanda ba zai kwana a cikinta sama da mako uku ko huɗu a shekara ba, haya ta fi masa. Mu mun ɗan haura haka, da ƙyar.

Da muna kwashe kaya na ware abin da ba mu taɓa ba ko sau ɗaya: barguna uku, babbar tukunya, kekunan yara da ba hanyar da za a sake su a kanta, da sifanuna, waɗanda ko akwatin ban buɗe ba. Uwargida ta tsaya a kaina tana kallo. Ta shiga gida ta ɗauko sikelin banɗaki, ta ɗora sifanun, ta karanta da ƙarfi: bakwai. Ta ɗauko takardar da muke rubuta kayan tafiya ta gaba, ta soke su, ta rubuta turmi a wurin. Na ce ai taka tsantsan ne, mota na iya lalacewa a daji. Ta ce in ta lalace akwai lambar masu janwe manne a gilashi, kusa da tsayin motar, kuma har yanzu ina binta kilo ɗaya.